Na kwana tara a hostal a Istanbul, mu takwas a ɗaki ɗaya

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Shekaranjiya na sauka daga Turkiyya, kuma tun daga filin jirgi ake ta bi na ta bayan fage da "nawa ka kashe, ina ka sauka". Gara in zube ta a nan kowa ya ɗebi rabonsa.

Ba sari na je ba, ba asibiti ba, ba karatu ba. Asusu na yi kusan shekara biyu don kawai in ga garin da kakana ke kira Santambul. Jaka ɗaya na goya a baya, ko akwati ban ja ba. Kwana tara na yi, duk a hostal. Ga wanda bai sani ba, gida ne na matafiya inda gado kake kamawa, ba ɗaki ba. Ɗakinmu gado huɗu ne masu hawa biyu, mu takwas ke nan. Kowa da lokarsa, amma kai za ka zo da kwaɗonka. Banɗaki na kowa, kicin na kowa. Da safe akwai burodi, zaitun, cuku, tumatir, kokwamba, dafaffen ƙwai, da shayi iya cikinka. Yuro 13 nake biya kowane dare, don Janairu ne, sanyi ya kori masu yawon buɗe ido. Gidan yana Sultanahmet, gangaren bayan masallacin nan mai hasumiya shida.

Tasi kuwa ban shiga ba ko sau ɗaya. A filin jirgi na sayi katin da suke kira Istanbulkart na zuba masa kuɗi, na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa M11 zuwa Gayrettepe, na koma M2 na sauka Vezneciler, na ɗan taka zuwa Laleli, na hau tiram T1 har Sultanahmet. Katin nan ɗaya shi ne bas, shi ne tiram, shi ne jirgin ruwa.

Amma ba arhar ce ta sa na buɗe maganar ba. Da a otal na sauka, da na je na dawo ban san kowa ba sai mai miƙo makulli.

Sarkin Tsokana:
Wato dai ka biya kuɗin jirgi, ka keta sahara da teku, don ka koma bodin. Saura a sa ka ɗebo wa siniya ruwa.

Alhajin Laleli:
Sannu da dawowa ɗana. Amma ni abin nan bai kwanta mini ba. Na fi shekara goma ina zuwa garin nan, daga Laleli zuwa Osmanbey zuwa Merter babu lungun da ban shiga neman kaya ba, kuma ban taɓa kwana da wanda ban san ubansa ba. Ka ajiye fasfo da dala a akwatin kwano, ka kwanta ka yi minshari a tsakiyar mutum bakwai da ba ka san me ya fito da su daga gidajensu ba? Wannan ai kwanan tasha ne da aka yi wa fenti. A Laleli akwai ƙananan otal, ku biyu ku haɗa ku raba kuɗin, ƙofarku a rufe, mutuncinku a rufe. Arha ba ta ado.

Ɗan Fagge:
Allah ya ƙara girma Alhaji. Kai da kake shiga da kuɗin sari, wallahi ko ni ba zan ce ka kwana hostal ba. Ni abin da ke jikina bai kai a yi mini fashi ba. Fasfo da 'yan canjina suna cikin wata ƙaramar jaka da nake ɗaurawa a ƙugu, da ita nake kwana, da ita nake shiga wanka. Abin da aka ɗauke mini a kwana tara shi ne rabin kwalbar ayran da na bari a firij, wato kindirmonsu mai gishiri. Na rubuta sunana a jiki ma, bai hana ba. Har yau ina zargin wani dogon Bajamushe.

Kuma babu wanda ake ba gado sai an karɓi fasfonsa an shigar da shi kwamfuta, haka dokar ƙasar take. Ba a san ubansa ba, amma hukuma ta san inda ya kwana.

Malam Na Bakin Kasuwa:
Ni ba kuɗin ne damuwata ba. Tambaya biyu gare ni, ka ba ni amsa tsakaninka da Allah. An ce mini irin waɗannan gidaje maza da mata ɗaki ɗaya suke kwana. Kuma an ce giya a cikinsu kamar ruwan randa. Gaskiya ne ko ƙarya?

Ɗan Fagge:
Allah gafarta Malam, duka biyun akwai, ba zan rufe ka ba. Ni kaina na faɗa ciki a daren farko. Na kama gado tun ina gida ban karanta da kyau ba, ina buɗe ƙofa na ga mata biyu suna shanya tawul. Na koma wurin yaron da ke kan teburin karɓar baƙi, ya ce su ɗaki iri biyu gare su, na haɗaka da na mata zalla, babu na maza zalla. Ƙarfe ɗaya na dare, ga ruwan sama, ga sanyi. A falo na kwana kan kujera da jakata a matsayin matashi.

Da safe na ɗauko waya in nemi wani gidan, sai na tarar shafin kama masauki na Booking ba ya bari ka kama masauki a Turkiyya kana cikin Turkiyya. Ashe tun 2017 kotunsu ta hana. Da ƙafa na bi layin ina tambaya gida gida, a na huɗu na samu mai ɗakin maza. Don haka wanda zai je ya tabbatar da wannan tun yana gida, ya rubuta musu ya tambaya, don ɗakin maza zalla shi ne mai wuyar samu.

Giya kuma a saman rufin bene suke zama da daddare su sha, wasu su fita mashaya a Taksim. Babu wanda ya taɓa miƙo mini bayan na ce ba na sha. Mu marasa sha kicin ne majalisarmu, kuma mun fi su yawa a makon nan.

Malam Na Bakin Kasuwa:
To madalla da ka fita. Amma ka ga abin da nake gudu: kai ka kwana kan kujera, wani yaron zai ce ai lalura ce ya haye gado. Ba kowa ne za a ba wannan shawarar ba.

Maman Ilham:
Ni dai tambayata ta mata ce. Ƙanwata ta daɗe tana nacin zuwa, mijinta ya yarda su je tare amma kuɗin otal ya tsorata su. Mace mai hijabi za ta iya zama irin wannan wuri ba a mayar da ita abin kallo ba?

'Yar Damagaram:
Anti, ni zan ba ki amsa don na yi. Ina karatu a Konya, kuma duk hutun da na shigo Istanbul a hostal nake sauka, ɓangaren Asiya, unguwar Kadıköy. Ɗakin mata zalla kusan kowane gida akwai shi, wasu ma da banɗakinsu a ciki. Hijabi ba abin kallo ba ne a can, fatarmu ce abin kallo, ita ma a kan titi ne, ba a cikin gidan ba. Na kwana da 'yan Maleshiya, da wata 'yar Maroko, da wata tsohuwa 'yar Japan mai shekara kusan saba'in da ke yawo ita kaɗai. Ita ce ma ta riƙa matsar mini da takalma in zan shimfiɗa sallaya.

Amma tunda da mijinta za su je, su nemi ɗakin mutum biyu a cikin hostal ɗin. Yawanci akwai. Ya fi gado tsada, bai kai otal ba, kuma za su samu kicin, wanda shi ne babban rangwamen. Su shiga kantin BİM ko A101 ko Şok su sayo taliya da ƙwai da tumatir, an gama.

In za su fita gari da bas, kada ta damu. Wajen sayar da tikiti ana duba namiji ne ko mace, ba sa haɗa mace da namijin da ba nata ba a kujera ɗaya.

Maman Ilham:
Allah ya biya ki ƙanwata. Wannan na bas ɗin ya burge ni, mu nan a Hayis har cinya ake ɗora maka.

Baban Zongo Kumasi:
Ina ta karanta ku ina dariya. Alhaji, da girmanka, kai da kake cewa kwanan tasha: kakanninmu da suka bi hanyar Gwanja da jakuna suna kai kanwa Salaga suna ɗauko goro, a otal suke kwana? A zango suke sauka, Bakano da Bakatsine da Babarbare da Bazabarme, tabarma kusa da tabarma. A nan ake jin wace hanya ce ta lalace, wane rafi ne ya cika, nawa goro ya kai. Unguwar da nake zaune yau sunanta ke nan, Zongo, kuma baƙin da suka sauka kwana biyu ne suka zama gari. Yaron nan bai ƙirƙiro komai ba, Turawa ne suka sa wa zango gadon bene.

Alhajin Laleli:
A'a Baba, kada mu haɗa kifi da kaska. Zango yana da fatoma. In ka sauka a hannunsa, shi ne uwarka shi ne ubanka: ya ajiye maka kaya, ya nemo maka mai saye, in aka cuce ka shi zai tsaya, in ka ci bashi shi aka sani. Kuma ayari yana da madugu. Wanda ya yi sata a zango, kafin ya koma gida labarinsa ya riga shi. A hostal wa zai tsaya maka? Yaron da ke kan tebur, wanda shi ma wata uku zai yi ya wuce? Irin zangon da kake faɗa yana nan a Istanbul, amma ba a Sultanahmet ba. Yana Aksaray da Kumkapı, wurin 'yan kago da masu dafa abincinmu. Can ne in ka faɗi za a san wanda za a kira.

Baban Zongo Kumasi:
Wannan kam ka kama ni. Fatoma babu shi. Amma jin labarin hanya yana nan.

Ɗan Fagge:
Yana nan ƙwarai, kuma shi ya cece ni. A daren na biyu wani ɗan Aljeriya da ke gadon ƙasana ya zaunar da ni ya karanta mini darasi. Ya ce in mai shafa takalmi ya wuce ka buroshinsa ya faɗi, kada ka ɗauka ka miƙa masa, da gangan ya yar, zai ce zai goge maka takalmi don godiya, ƙarshe ya tsare ka da kuɗi. Ya ce in wani mai fara'a ya tare ka a titin İstiklal ya ce shi ma baƙo ne, ku je ku sha wani abu, ka ce masa sauri kake, don takardar kuɗin da za a kawo muku sai ta fi kuɗin jirginka. Wallahi kwana biyu bayan nan, a kan gadar Galata inda masu kamun kifi ke jeruwa, buroshi ya faɗo a gabana. Na tsallake shi kamar kashin kare.

Sai wani dattijo ɗan Ajantina, malamin makaranta ne da ya yi ritaya. Turancinsa kamar nawa, a karye, don haka muka daidaita. Shi ya nuna mini cewa ba sai na biya jirgin 'yan yawon buɗe ido ba. Ka je Eminönü ka hau jirgin da ma'aikata ke hawa zuwa Üsküdar ko Kadıköy da katinka, minti ashirin ka bar Turai ka shiga Asiya, ana sayar da shayi a ciki, tsuntsayen teku suna bin jirgin suna cafe gutsuren simit a iska. Simit burodi ne mai kama da awarwaro, an barbaɗe shi da riɗi. Sau shida na yi wannan fiton, ba don ina da wurin zuwa ba.

Ranar da na rama masa alheri kuwa, na dafa shinkafa da wake a kicin, na soya mai da albasa, na fito da yajin da Hajiyarmu ta daka mini. Mu bakwai muka ci. Na ce masa ya ɗiba kaɗan, ya ce su ma suna da barkono a ƙasarsu. Cokali biyu ya yi ya tashi ya buɗe taga a tsakiyar Janairu, hawaye har gemu. Wani ɗan Kazakistan kuwa ya cinye nasa ya ƙara, ya roƙi sauran yajin, na ƙulla masa a leda.

Sarkin Tsokana:
Ka je ƙasar mutane ka kusa kashe musu ɗan fansho. Da ya mutu da yanzu muna ganinka a labaran TRT da ankwa.

Ɗalibin Sakarya:
Shekarata huɗu a ƙasar, bari in ƙara abu biyu da Yaya Ɗan Fagge bai faɗa ba.

Na farko, duk wanda ya ba ka farashi da lira, tambaye shi wane wata ya je. A farkon 2021 dala ɗaya lira bakwai da ɗoriya ce, a 2024 ta haura talatin. A Oktoban 2022 hukuma da kanta ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 85 cikin ɗari. Turkiyya ta yanzu ba ita ce mai arhar da 'yan uwanmu suka sani ba. Wuraren tarihi ma da yuro suke yanka wa baƙo. Inda arha ta rage shi ne abincin talakawa: miyar adas da suke kira mercimek da burodi, shinkafa da kaza ta masu kura, da gidajen abincin ma'aikata irin wanda kake nuna abin da kake so ta bayan gilashi. A Sultanahmet kada ka ci komai a kan babban titi, ka gangara lungu.

Na biyu, fasfonka ya kasance a jikinka kullum. Tun 2023 suka tsananta binciken takardu, har motoci na musamman gare su a wuraren taruwar jama'a, kuma mu baƙaƙe ba ma wucewa ba a gan mu ba. Hoton fasfo a waya ba koyaushe yake wadatar da su ba.

Ɗan Fagge:
Haka ne ƙanena. An tare ni sau biyu, duka a Aksaray. Na farkon ya duba biza ya miƙo mini ba ko murmushi. Na biyun da ya ga koren fasfo sai ya ce "Nijerya? Osimhen!" Ashe mai goyon bayan ƙungiyar ƙwallon Galatasaray ne. Na ce masa Ahmed Musa, ya ce Karagümrük, Sivasspor, ƙungiyoyin da ya buga wa ƙwallo. Abokin aikinsa ya leƙo ya ce Okocha, Fenerbahçe, nan suka ɓarke da musu a tsakaninsu suka manta da ni.

Malam Na Bakin Kasuwa:
Duk na ji. Sallah fa? Mutum takwas a ɗaki, ina ka samu wurin shimfiɗa, ina ka samu natsuwa?

Ɗan Fagge:
Allah gafarta Malam, a garin nan neman wurin sallah a ɗaki ma ɓata lokaci ne, duk inda ka juya hasumiya ce. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne lokaci. Suna gabanmu da awa biyu, kuma a Janairu rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas, don haka Asuba sai ka yi barcinka ka ƙoshi. Wahalar ɗaya ce, alwala da ruwan famfon harabar masallaci, kamar ana yanka maka yatsu.

Azahar ɗaya na yi a Ayasofya. An gina ta tun shekarar 537 a matsayin coci, ta zama masallaci a 1453, aka mayar da ita gidan tarihi, sannan aka dawo da sallah a 2020. Abokina ɗan Ajantina yuro 25 ya biya ya hau bene ya kalla, ni na shiga ta ƙofar masallata. Amma wanda ya fi shiga raina shi ne Süleymaniye, ginin Mimar Sinan da aka gama a 1557. Babu turereniya, ba a biyan ko sisi, kuma daga bayansa kana hango ruwa da gari gaba ɗaya.

Ranar Lahadi kuma wani ɗan Indonesiya da ke ɗakinmu ya tashe mu ni da ɗan Aljeriyan tun da duhu, muka bi tiram na bakin ruwa zuwa Eyüp, inda kabarin Sayyidina Abu Ayyub al-Ansari yake. Ban taɓa ganin cikar Asuba irin wannan ba in ba a Harami a talabijin ba. Na saki hannuna na yi sadalu yadda na saba. Bayan sallama wani tsoho ya dafa ni ya ce "Maliki?" Na ce e. Ya ja mu mu uku zuwa wani shago ya saya mana miya da shayi, ba ya jin yarenmu, ba ma jin nasa. Da ni kaɗai ne a otal, wa zai tashe ni, wa ma zai gaya mini ana wannan taron?

Malam Na Bakin Kasuwa:
Allahu akbar. Sahabin da ya sauki Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, a gidansa lokacin hijira. Ka yi mana addu'a dai ko? A kan ɗakin haɗaka kuwa ina nan kan bakana.

Ɗan Fagge:
Na yi Malam, har da Sarkin Tsokana, Allah ya shirye shi.

Alhajin Laleli:
To ni dai ban canza ba. Shekarata ba ta hawa gadon bene ba ce, kuma minsharin mutum ɗaya ma ya ishe ni, balle bakwai. Amma gaskiya ɗaya zan faɗa: shekara goma ina zuwa, tiram yana wucewa ta ƙofar otal ɗina, ban taɓa zuwa Eyüp ba. Daga shago sai kago, daga kago sai filin jirgi.

Ɗan Fagge:
Minsharin kam akwai shi Alhaji. Ɗan Kazakistan ɗin nan kamar injin markaɗe. Na sayi abin toshe kunne a kyamis a rana ta uku.

Maman Ilham:
Ɗan Fagge, maganar biza fa? Kuma kwaɗon da ka ce, babba ko ƙarami?

Ɗan Fagge:
Hajiya, biza tun a gida ake nema a manna miki a fasfo, kuma za su so ganin takardar banki da tikitin dawowa da shaidar masauki. Takardar hostal ɗin na haɗa da ita. Sharuɗɗan suna canzawa, su duba na ranar da za su nema, kada su dogara da nawa. Kwaɗo kuma ƙarami, irin na akwatin makaranta. Na tafi da babba irin na shago, ya ƙi shiga ramin lokar, sai da na sayi wani a Eminönü. Su tafi da silifas na wanka da tawul ɗinsu, da rigar sanyi ta gaske in lokacin hunturu ne, ba irin suwaitar da muke sawa a Kano ba.

'Yar Damagaram:
Da yaji, Anti. Nasu barkonon ja ne kawai, ba ya komai.